Yadda Za Ka Sauka Kano Alhali Kana Dinder Kana Yankan Riɗi

Ya kai ɗan'uwa, in kana cikin surukan da ake tura wa ƙashi a tire tsoka na wucewa ta gabansu, kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani. Matakai takwas ne kacal. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi masa alkawari, kafin a tsinci audugar bana sai an shimfiɗa masa darduma kusa da maigida ana tambayarsa labarin sararin sama, ko da kuwa abu mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne bayan lori.

Ba da ka nake magana ba. An gwada dabarar nan a kan mutum mai rai, Uzairu na Hillat Sambo, wani ƙauyen Hausawa a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan noma, yamma da garin Managil, kudu da Khartum. Abin ya faru a shekarun da jirgi ke tashi daga Khartum kai tsaye zuwa Kano. A kowane mataki zan nuna maka yadda ya yi.

1. Ka gane wanda ya tare maka rana

Ba a shan magani sai an san ciwo. Ciwon Uzairu sunansa Osman.

Su biyu ne surukan Alhaji Abdussalami. Osman ya auri babbar 'yar, yana aiki a shagon turare a Jidda. Uzairu ya auri ƙaramar, Sakina, malamar firamare, yana noma hawasha ɗaya da ya gada, wato gona mai shan ruwan tur'a, auduga da dawa da ɗan gyaɗa. Mutum ne mai ƙwazo. In ruwa ya maƙale a gonar Alhaji shi ake kira, ya naɗe jallabiya ya shiga laka har gwiwa. Amma duk Juma'a da hantsi, idan aka fito da babban tiren fatur, wato kalacin hantsi, zuwa diwan, zauren da maza ke zama, muddin Osman ya zo hutu, to kamar Uzairu bai zo ba.

"Osman, ba mu labarin tayyara," haka Alhaji ke cewa.

Sai Osman ya gyara agogon hannunsa, ya ce daga Khartum zuwa Jidda a jirgin sama sa'a ɗaya da rabi ce, kafin ka shanye shayi ka hango teku a ƙasa kamar an shanya shuɗin zane. Labari ɗaya, shekara shida. Kuma duk sanda ya bayar, yatsun Alhaji na turo masa tsoka. Shi kuwa Uzairu, tambaya ɗaya aka taɓa yi masa a zaman nan: ko ya ga akuyar da ta ɓata.

Ka riƙe wannan: mutane ba su cika ganin wanda ya shiga laka dominsu ba. Wanda ya wuce ta saman kansu suke ɗaga kai su kalla.

2. Ka zaɓi garin da ya fi na abokin takararka nisa

Kada ka ce Jidda, Osman zai tambaye ka launin kujerun filin jirgi. Kada ka ce Alƙahira, rabin ƙauye sun raka mara lafiya can. Kada ka ce Landan, fuskarka ba ta yi kama ba. Nemi garin da kowa ya ji sunansa a bakin kakanni, amma ba wanda ya taka shi kwanan nan.

Uzairu ya zauna wajen mai shayi a kasuwar Managil, ya tambayi wayarsa. Khartum zuwa Jidda bai cika kilomita dubu ba. Khartum zuwa Kano, kilomita dubu biyu da ɗari shida da 'yan kai, tafiyar kusan sa'a huɗu. Ya goge fuskar wayar da hannun riga, ya sake dubawa. Ashe duk tutiyar Osman ko rabin hanyar Kano bai yi ba. Ya ce wa mai shayi ta ƙara masa kofi ɗaya, ta cika sukari.

3. Ka ɓace, amma ka fara shirya gida

Wanda zai dawo daga tafiya, dole a fara rashinsa. Duk kaka Uzairu kan je yankin Dinder, can gabas, ƙwadagon yankan riɗi na mako uku, ba mai tambayar inda ya shiga. Bana sai ya tsaya a kan Sakina tana duba littattafan ɗalibai.

"In an tambaye ki, ki ce wani attajirin riɗi ya aike ni Kano duba kasuwa. Ta sama."

Ta ɗago kai, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar kullum. "Abu Lubna, kai da in raksha mai ƙafa uku ta yi gudu kake cewa a tsaya ka sauka?"

"Wannan daban. Sama ba ta da gargada."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ke dai ki faɗi abin da na ce."

"Ni ba ni yi wa Baba ƙarya. Zan ce ka yi tafiya, kuma ka ce Kano za ka. Wannan gaskiya ne, ka faɗa, na ji da kunnena."

Amfanin mace mai ilimi ke nan. Ta san inda gaskiya ta ƙare ƙarya ta soma, kuma a kan iyakar za ta tsaya kamar mai rabon gona.

Daga nan ka kashe waya. Mako uku Uzairu na sunkuye cikin riɗi, duk saran lauje yana bitar karatunsa: dubu biyu da ɗari shida, sa'a huɗu, dubu biyu da ɗari shida. Abokan aikinsa suka ɗauka wuridi ne aka ba shi, har ɗaya ya roƙe shi laƙanin.

4. Tsaraba ita ce shaidarka

A hanyar dawowa ka sauka Wad Madani, ka shiga kasuwa wajen 'yan'uwanka Hausawa. Ka sayi goro, da daddawa, da hula mai aiki. Duk daga can aka kawo su, saboda haka rabin maganarka gaskiya ce tun kafin ka buɗe baki.

Sai dai ka duba abin da aka naɗe su da shi. Uzairu ya iso gida da goro a cikin jaridar Madani mai ɗauke da farashin albasa na jiya. Sakina ta warware, ta karanta, ta ninke jaridar ta hura wuta da ita.

Sannan ka toshe kunne. Duk wanda ya gaishe ka, ka karkata kai ka ce, "Mi? Yi haƙuri, kunnen bai gama buɗewa ba, ka san sha'anin sama." Kwana biyu ya isa. Uzairu ya ja abin har kwana biyar, sai da wata maƙwabciya ta aiko masa da man zaitun ya ɗiga.

5. Kada ka fara magana, bari a roƙe ka

Ranar Juma'a Uzairu ya sa hular, ya aje goron a gaban Alhaji, ya koma wurinsa na kullum kusa da ƙofa. Akwai Osman, akwai Liman Salih, akwai dattawa uku. Ya ci kisra, wato wainar dawa marar kauri, da miya a hankali, yana kallon rufin ɗaki kamar mai tuna wani abu da ya baro can sama.

"An ce Kano kat tahi?" in ji Alhaji.

"Ɗan leƙawa na yi, Baba."

"Sa'a nawa?"

"Mun tashi tara na safe. Sa'a huɗu muna sama. Muka sauka sha biyu."

Alhaji ya aje lomarsa ya ƙirga da yatsu. "Tara da huɗu, ƙarfe ɗaya ke nan. Ina sa'a guda tat tahi?"

"Suna riƙe ta a Kano, Baba. Ranar da za ka dawo su maido maka."

Duk suka juya ga Osman, shi da ya san sama. Osman ya haɗiye abin da ke bakinsa da ƙyar, ya ce haka ne, agogon Kano na bayan na Khartum da sa'a ɗaya. Ka ga gwanintar lissafi: abokin takara da bakinsa ya zama mai shaida.

Amma bai haƙura ba. "Wane gefe ka zauna, ya Uzairu?"

"Gefen da ake ganin Cadi."

"Me suka ba ku kuka ci?"

Nan ne ramin da ƙananan maƙaryata ke faɗawa, su ce shinkafa, a tambaye su da wace miya. Uzairu ya sunkuyar da kai. "Azumin nafila na ɗauka. Na ga ban taɓa kusantar sama haka ba."

Liman Salih ya gyaɗa kai, ya ce madalla da matafiyi mai tunani. Alhaji ya dubi tire, ya zaɓo tsoka mafi girma, ya tura ta har ta tsallake gaban Osman. Ya ce, "Matso nan, mi kake yi a bakin ƙofa?"

A nan ya kamata littafin nan ya ƙare, da duniya tana da adalci.

6. Ka ji tsoron tsohuwar da ba ta yi maka tambaya a gaban mutane ba

Bayan an watse aka ce Habboba Dije na kira. Ita ce mahaifiyar Alhaji, kakar Sakina, ta haura tamanin. Ya same ta zaune a kan gadonta na igiya a inuwar rumfa, tana soya 'ya'yan gahawa a kasko.

"Angona, an ce ka tahi Kano."

"Na je, Habboba."

"Ka ga Juwairiyya?"

Juwairiyya ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Wani alhajin Kano da ya yada zango a ƙauyen ya aure ta ya tafi da ita, tun Alhaji Abdussalami na yaro. Tun daga ranar sai dai murya, da a kaset, yanzu a waya.

Ƙa'ida ce: kada ka taɓa cewa ka ga mutumin da ke da waya. Uzairu ya kiyaye. "Kano babba ce, Habboba, kwanakina kuma kaɗan."

Ta zuba masa gahawa a ɗan kofi. "Ubana shekara ukku yay yi a ƙasa daga Sakkwato zuwa bakin kogin ga, shina yaro, bisa wuyan wansa. Juwairiyya kwana arba'in tay yi a lori. Kai kuma sa'a huɗu." Ta girgiza kai. "Sa'a huɗu ko wake bai nuna ba."

Sai ta ɗaga murya ta kira ɗanta. Alhaji ya shigo, Osman na biye.

"Abdussalami, shekara nawa ina ce maka a kai ni in ga 'yar'uwata, kana cewa babu mai rakiya da ya san hanya? To ga shi Allah ya kawo, har gida."

Alhaji ya dubi Uzairu kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce gaskiyar Inna, ba shi da sauran hanzari. Osman ya yi murmushi irin na wanda ya ga kaza ta shiga akurki da ƙafarta, ya ce tikitin mutum biyu a kansa, sadaka. Uzairu ya kurɓi gahawar da zafinta, bai ma ji ta ƙone shi ba sai washegari.

7. Jawaz ɗinka ya faɗa ruwa

Za a ce ka kawo fasfo, wanda a nan muke kira jawaz, don a buga biza tare da na tsohuwa. Ba ka da shi, ba ka taɓa samunsa ba. Kada ka ce an sace, za a kama wani bawan Allah. Ka ce ya faɗa tur'a kana gyaran ruwa. Tur'a ba ta musu.

Haka Uzairu ya yi ta jeka-ka-dawo zuwa Madani neman jawaz, yana bin layi, ana ɗaukarsa hoto. Ya kuma gwada horar da zuciyarsa: ya je tankin ruwan ƙauye ya fara hawan tsani, ya kai taki na tara, ya duba ƙasa, ya sauko da addu'a. Abinci ya daina shiga. Wata safiya Sakina ta aje masa shayi ta zauna a gabansa.

"Abu Lubna, ka je ka faɗa wa Baba. Kunyar rana ɗaya ce. Ni na aure ka ina sane ba ka tashi sama."

Ya ga gaskiyarta. Ya sa takalmi ya nufi gidan Alhaji yana shirya kalmomi a ransa. Ya kai bakin katanga, sai ya ji muryar Habboba Dije daga ciki, tana waya, tana ɗaga murya yadda tsofaffi ke yi don suna ganin nisan wuri sai da ƙarfi.

"Juwairiyya, ina nan tahe. A'a, ba wasa ba, an yi hoto. Ki aje mini gado kusa da naki. Har yanzu kina minshari?"

Ta yi dariya irin wadda bai taɓa ji daga bakinta ba, siririya, kamar ta yarinyar da aka aika ɗiban ruwa da ƙawaye. Uzairu ya san in ya shiga ya faɗi gaskiya, Alhaji zai soke tafiyar a ranar, kuma mai shekara tamanin ba a ce mata sai baɗi. Ya juya ya koma gida.

"Ka faɗa?" in ji Sakina.

"Ki nemo mini jaka mai ƙarfi," ya ce.

8. In ranar ta zo, ka hau

Ba ni da wata dabara a nan. Masana sun duba, babu hanyar zuwa Kano ta sama sai ta sama.

Suka shiga jirgi da hantsi, Habboba na riƙe da sandarta, Uzairu na riƙe da takardu. Aka ba ta kujerar taga, ta ce shi ya zauna can tunda shi ne ya san Cadi. Ya ɗauki ɗamarar kujera ya ƙulla ta kamar tazugen wando. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta kwance, ta maƙala masa, ta wuce ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Habboba kuwa ta leƙi yadda na kusa da ita ya yi, ta maƙala tata da kanta.

Injin ya ɗauki ruri. Jirgi ya zabura da gudun da ko raksha dubu ba su yi, ƙasa ta sulale daga ƙarƙashinsu, hanjin Uzairu ya ce shi a Khartum zai tsaya. Ya rufe ido, ya damƙi hannun tsohuwa.

"Habboba, in mun mutu ki yafe mini. Ban taɓa hawa ba. Dinder na je, yankan riɗi."

"Na sani."

Ya buɗe ido ɗaya.

"Na haifi tara, na yi renon jikoki talatin. Tun daga sallama nike gane mai ƙarya." Ta ɓare goro, ta sa masa rabi a tafin hannu. "Da ka yi gaskiya, da har yau ina bisa gadona ina jiran mutuwa. Abdussalami ba shi sakina ga hannun manomi, amma ga shi ya sake ni ga hannun maƙaryaci. Tauna wannan. Sannan ka leƙa mini, wancan Cadi ne?"

Ya leƙa da ƙyar. Ba komai sai jar ƙasa da guntayen gajimare.

"Shi ne, Habboba."

"Ƙarya kake, ko Kurdufan ba mu wuce ba. Amma ci gaba, tana ɗebe kewa."

Haka suka yi tafiyar. Shi yana laƙaba wa kowane tudu suna, ita tana ƙaryata shi, tsakani yana sunkuyawa cikin 'yar jakar takarda. Da aka kawo abinci ta cinye nata ta cinye nasa. Sa'a huɗu saura kaɗan tayoyi suka daki ƙasa, Uzairu ya yi hamdala da ƙarfin da ya sa mutanen layi uku suka amsa.

A bakin fita wata tsohuwa mai jiki na zaune a kujerar roba, jikoki kewaye da ita. Ta miƙe da taimakon mutum biyu. Dije ta tsaya. Suka dubi juna, shekara hamsin a tsakaninsu da taku biyar.

"Dije, kin tsufa."

"Ke kuma kin yi ƙiba. Ashe tuwon Kano ya karɓe ki."

Sai sandar ta faɗi ƙasa. Suka rungume juna, ba wanda ya iya raba su, har direban da ya zo ɗaukarsu ya kashe mota ya jingina da ita. Uzairu na tsaye da jaka a kowane hannu, hawaye na zuba, ba hannun sharewa.

Ƙarin nasiha ga mai sauka Kano: a Larabcinmu filin jirgi shi ne matar. Uzairu, don ya yi wa masu masauki kara, ya ce wa babban ɗan Juwairiyya, "Wallahi matar Kano ta fi matar Khartum kyau da faɗi." Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko iyalinsa sun san da wannan bincike.

Abin da ya biyo baya

Bayan wata guda suka dawo. Habboba Dije ba ta tona shi ba, ko ga ɗanta. Abin da kawai ta ce shi ne, a duk surukan gidan nan ba mai riƙe hannun tsohuwa tsakani da Allah kamar Uzairu, ko sau ɗaya bai sake ta ba.

Wannan yabo shi ya gama da shi. Kafin mako ya zagayo, tsofaffi huɗu sun yi sallama a ƙofarsa, mai 'yar'uwa a Maiduguri, mai ɗan'uwa a Damagaram, kowa da kwanon dabino yana neman rakiya. Na biyar Liman Salih ne da kansa. Ya ce ɗansa na karatu a wani gari wai shi Kuala Lumpur, ɗan ya matsa masa ya zo ya ga jika, kuma ya riga ya yi magana da Alhaji, Alhaji ya ce ai ba sai an tambayi Uzairu ba.

Da liman ya tafi, Uzairu ya ɗauko waya ya tambaye ta. Kilomita dubu bakwai da ɗari shida da wani abu, jirgi biyu, sa'a sama da goma. Ya miƙa wa Sakina ta karanta, ko idonsa ne.

"Babu lorin da ke zuwa can?" ya ce.

"Teku ne a tsakani, Abu Lubna."

Gargaɗi

Ni dai alkawarin tsoka da darduma na yi maka, kuma Uzairu ya samu, ga shi can kusa da Alhaji yana ci ba ya jin daɗi. Ban ce ba za a gaskata ka fiye da yadda kake so ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari sama da gajimare, da jakar takarda a hannu da liman a gefe, to shi da bakinsa, kada ya aiko mini. Ni ko Managil za ni, a kan jakina nake zuwa, kuma in ya yi sauri sauka nake.